Koyiloba: Yadda ake zaɓen shokazoba mai taushi ga motar da aka rage wa tsayi

Rage wa mota tsayi domin ta kwanta ƙasa ta yi kyan gani al'ada ce da ta yi ƙarfi a tsakanin masu sha'awar motoci a Japan da Amurka da Jamus. Ta iso mana ta hanyoyi biyu: motocin hannu da ake shigo da su an riga an sauke su tun daga can, da kuma matasan birane da ke ganin irinsu a intanet su yi wa nasu. Sau da yawa murnar ba ta daɗewa. Motar da ke tafiya luf-luf sai ta koma jijjiga mutum kamar amalanke, cikinta na gogar kowane tudun rage gudu, tayoyinta na cinyewa ta gefe guda.

Maganin da aka fi ambata shi ne koyiloba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa an ƙera su ne domin filin tsere, inda kwalta take sumul. Wanda ke son motarsa ta kwanta kuma ta ci gaba da kai shi ofis ko kasuwa ba tare da ciwon baya ba, dole ya san abin da zai duba.

Mece ce koyiloba?

Shokazoba ce da aka zura a cikin sifirin mai murɗe, suka zama abu guda. Bambancinta da wadda mota ke zuwa da ita daga kamfani shi ne jikinta na da zare irin na noti, da zobba da ake murɗawa da sifana ta musamman domin ɗaga mota ko sauke ta. Da yawa kuma suna da ɗan maɓalli da ake juyawa a ƙara wa shokazobar tauri ko taushi.

Aikin sassan biyu ya bambanta. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke lanƙwashewa idan taya ta faɗa rami. Ita kuwa shokazoba, da man da ke cikinta, tana hana sifirin ya yi ta rawa bayan an wuce ramin. A wasu motocin, musamman na Jamus, sifirin baya yana zaune ne daban da shokazoba, don haka saitinsu kan zo da zoben daidaitawa a mazaunin sifirin.

Me ya sa motar da aka sauke take yin tauri?

Akwai tazarar da taya ke iya hawa sama kafin shokazoba ta kai ƙarshe ta daki robar da ke tsayar da ita. A ƙaddara tazarar milimita 70 ce. Idan aka sauke motar da milimita 50 ba tare da an sauya shokazoba ba, saura 20. Duk ƙaramin rami sai ya cinye su, kuma dukan ya shige kai-tsaye cikin bodi. Domin hana haka ne masu ƙira ke sa sifirin mai tauri, shi kuma taurin ya kawo jijjiga. Saboda haka gwargwadon saukar mota, gwargwadon daɗin da za a rasa.

Galibin ƙananan motoci masu but, irin su Camry da Corolla da Accord, suna da tazarar milimita 130 zuwa 160 tsakanin cikinsu da ƙasa. Wanda ke neman daɗin tafiya ya tsaya a ragin milimita 20 zuwa 30. Ragin da ya kai 50 ko ya zarce yana jefa salansa da bamba da kaskon baƙin mai na ƙasan inji cikin haɗari, kuma fashewar wannan kasko a kan hanya na iya kashe inji cikin 'yan mintoci.

Ƙarfin sifirin

Wannan ne adadi na farko da ya kamata a tambaya. Ana rubuta shi da kilo bisa milimita. Sifirin mai lamba 3 na nufin kilo 3 ne ke danne shi da milimita ɗaya. Idan aka ɗora masa kilo 300 zai sauka da milimita 100, alhali mai lamba 10 zai sauka da 30 kacal. Kamfanonin Amurka kan rubuta da fam bisa inci. Kilo ɗaya bisa milimita ya yi daidai da kimanin fam 56 bisa inci.

Sifirin da irin waɗannan motoci ke zuwa da shi daga kamfani yawanci bai wuce lamba 2 zuwa 4 ba. Koyiloba da yawa kuwa na zuwa da 8 ko 10, wato ninki biyu ko fiye. Mai neman taushi ya nemi wadda ta ɗara ta asali kaɗan, kuma wasu kamfanonin na ba mai saye damar zaɓen lambar da yake so lokacin oda.

Kada a kwatanta lambar wata mota da ta wata. A motar da sifirinta ke zaune daf da taya, kamar gaban Camry da Corolla, kusan duk ƙarfinsa na isa ga tayar. A wadda yake zaune can ciki a kan hannun ƙarfe, ƙarfin na raguwa kafin ya iso, don haka babbar lamba a wurinta ba ta nufin tauri sosai.

Akwai kuma sifirin da ƙarfinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, da wanda yake farawa da taushi ya riƙa ƙara tauri yayin da ake danne shi. Na biyun ya fi dacewa da zirga-zirgar gari, domin yana shanye ƙananan gargada kuma ya tsaya da ƙarfi idan an yi lodi.

Bututu ɗaya ko biyu?

Shokazoba mai bututu biyu ita ce aka fi sani a motocin gida. Iskar gas da ke cikinta ba ta da matsi sosai, don haka ta fi saurin amsa ƙananan ramuka, kuma bututun waje na kare na ciki idan dutse ya doke ta. Mai bututu ɗaya tana da gas mai matsi ƙwarai, ta fi fitar da zafi, ta fi jure doguwar tafiya a hanya marar kyau, amma idan jikinta ya lotsa ta tashi aiki. Mai arha daga cikin irin wannan kan yi tauri a ƙaramin gudu. Ingancin bawul ɗin ciki ya fi yawan bututu muhimmanci: mai bututu ɗaya ta kirki ta fi mai biyu ta banza taushi.

Maɓallin daidaita tauri

Shokazoba na aiki ta fuska biyu: lokacin da take matsewa idan taya ta hau tudu, da lokacin da take miƙewa bayan haka. Wasu ba su da maɓalli sam, kamfani ya riga ya saita su. Wasu na da guda ɗaya, wasu biyu, kowace fuska da nata. Ga mai zuwa aiki da dawowa, maɓalli ɗaya ya wadatar.

Yawan matakan maɓalli ba shi ne inganci ba. Kuma maɓallin ba ya taɓa sifirin: idan sifirin ya yi tauri, mayar da shokazoba kan mafi taushi zai sa motar ta riƙa tsalle ne kawai, domin babu abin da ke riƙe sifirin.

Hanyoyi biyu na sauke mota

A nau'i na farko, zoben da sifirin ke zaune a kansa ake sassautowa. Yana da sauƙi, amma duk saukar da aka yi tana ci daga tazarar matsewar shokazoba, don haka kada a wuce iyakar da kamfani ya rubuta. A nau'i na biyu, gindin da ke haɗe da ƙafar mota ne ake murɗawa, sai tsawon shokazobar gaba ɗaya ya ragu ba tare da an taɓa sifirin ba. Wannan na barin tazarar yadda take, sai dai idan aka zarce, taya za ta riƙa gogar bodi.

Mazaunin sama

Inda shokazoba ke haɗuwa da bodi akwai mazauni. Na asali roba ne, yana shanye ƙara da karkarwa. Koyilobar tsere kan zo da na ƙarfe zalla mai ƙwallo a tsakiya, wanda ke shigo da ƙarar hanya cikin mota, kuma ƙura na saurin cinye shi ya fara ƙwanƙwasa. Mai son natsuwa ya zaɓi na roba, ko saitin da ke amfani da mazaunin motar na asali.

Wasu sanannun samfura

Kamfanin KW na Jamus na da Street Comfort, wadda aka yi musamman domin ƙaramin ragi da taushi, mai matakai 16 na daidaita miƙewa. Cikin sauran kayansa, V1 ba ta da maɓalli, V2 na daidaita miƙewa, V3 kuma na daidaita fuskokin biyu daban-daban. Bilstein, shi ma na Jamus, na da B14 da ke daidaita tsayi kawai, da B16 mai matakai 10, dukkansu masu bututu ɗaya. Tein na Japan na da Street Advance Z da Flex Z, masu bututu biyu da matakai 16. Ta biyun ce ake rage wa tsayi ta gindi. BC Racing na Taiwan ya shahara da jerin BR mai matakai 30, wanda ya fi na Jamus sauƙin kuɗi amma sifirinsa na yau da kullum ya karkata ga tauri. Öhlins na Suwidin na da Road & Track, mai tsada. Ba kowane samfuri ake yi wa kowace mota ba.

Kafin a biya kuɗi

A tabbatar da shekarar mota da lambar shasi da ƙasar da aka ƙera ta dominta. Accord ta Amurka ta 2003 zuwa 2007 daban take da ta Turai ta waɗannan shekaru, kuma daga 2013 Honda ta sauya tsarin ƙafar gaban Accord gaba ɗaya. Girman inji ma na da tasiri, domin mai silinda 6 ya fi mai 4 nauyi. Motar da ta zo da shokazoba mai aiki da lantarki za ta kunna fitilar gargaɗi idan aka cire ta ba tare da an sa na'urar da ke maye gurbinta ba.

Ko a Ƙofar Ruwa a Kano za a saya, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko oda za a yi daga waje, a nemi takardar da ke nuna lambar sifirin da iyakar saukarwa. Saitin da ba shi da suna ba shi da lamba, araha ce da ba ta ado. Idan na hannu ne, a duba yoyon mai, da tsatsa ko karce a sandar da ke shiga da fita, da ko zobban na murɗuwa. A kuma tambayi inda za a samu guda ɗaya idan ta lalace, domin sayen saiti sabo saboda ƙafa ɗaya babbar asara ce.

Taya ma na cikin lissafi

Gefen taya shi ne matashin farko tsakanin mota da hanya. Taya mai lamba 205/65 R16 na da gefe mai tsayin kusan milimita 133, mai 225/40 R18 kuwa 90 ne. Wanda ya sa babban rim da siririyar taya ya riga ya zubar da rabin taushin da yake nema, kuma rami ɗaya na iya lanƙwasa masa rim. Iskar da ta wuce kima ita ma na ƙara jijjiga. A bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba.

Ɗaurawa da saiti

A sauya bushin da boljoyin da suka mutu tun kafin a ɗaura, in ba haka ba za a ɗora wa sabon kaya laifin tsoho. Notukan da ke riƙe bushin na roba a ƙarasa ɗaure su bayan mota ta sauka a kan tayoyinta. Idan aka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta murɗe ta yage da wuri. Kada a yi amfani da bindigar iska a kan notin saman shokazoba.

Ana auna tsayi a wuri mai shimfiɗa, daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi, hagu da dama su zo daidai. Wanda ke ɗaukar iyali da kaya zuwa gida lokacin sallah ya gwada motar da mutum huɗu da but cike, domin tsayin da ya isa direba shi kaɗai ba zai ishi wannan lodi ba. Bayan 'yan kwanaki, idan sifirin ya zauna, a sake aunawa sannan a yi alaimen. Sauke mota na karkatar da saman taya zuwa ciki, kuma rashin alaimen na cinye gefenta na ciki cikin ɗan lokaci. A duba saitin fitilun gaba.

Game da maɓalli, a fara daga inda takardar kamfani ta ce. A zaɓi hanya ɗaya da aka sani, a riƙa sauya mataki biyu-biyu ana gwadawa. Idan mota na ci gaba da lilo bayan tudu, ta yi taushi da yawa. Idan tana jin kowane tsakuwa, ta yi tauri.

Ƙurar hunturu da laka ta damina na cika zaren jikin koyiloba har zobba su ƙi motsi. A riƙa wanke shi, a shafa ɗan man hana tsatsa, kuma a tsabtace shi kafin kowane murɗi.

Ga wanda ba ya bukatar daidaitawa

Mutane da yawa na saita koyiloba sau ɗaya ba su sake taɓa ta ba. Irinsu, sifirin ragi na kirki kamar Eibach Pro-Kit tare da gajeriyar shokazoba da aka yi dominsa, irin Bilstein B8, zai biya bukata da ƙaramin kuɗi. Abin gudu shi ne yanke sifirin asali ko gasa shi da wuta, domin hakan na lalata ƙarfen, kuma yankakken sifirin na iya fita daga mazauninsa ana cikin gudu.

Wanda kuma unguwarsa ba ta da kwalta, ko sana'arsa ke kai shi kasuwannin ƙauye, mafi alheri gare shi ya mayar da motar tsayinta na asali da sabbin shokazoba masu kyau. Babu koyilobar da za ta maye gurbin tazarar da aka rasa tsakanin cikin mota da ƙasa.