Nonon Uwa da Dokar Ƙasa: Labarin da Ya Soma a Ankara

A Nima da Maamobi, unguwannin zango na birnin Ankara, an daɗe da sanin cewa yaro yakan sha mama wajen shekara biyu kafin a yaye shi. Hausawa da sauran 'yan arewa da suka zauna a Nima tun shekarun 1930 sun zo da wannan al'ada daga gida. Idan mace ta ɗauki ciki tana goyo, sai a ce ta yi kwanika, tsofaffi kuwa sun san abin da yakan biyo baya: a cire yaro daga nono kafin lokaci, ya rame, ya kumbura. A wannan birni ne wata likita ta rubuta labarin wannan ciwo.

A shekarar 1929 wata likita mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta zo ƙasar da ake kira Gold Coast a lokacin. Ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a Ankara. Can ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa, gashinsu ya koma ja, fatarsu tana saɓulewa. Ta lura yawancinsu an yaye su ne aka bar su da kokon masara kaɗai. A 1933 ta buga bayanin ciwon, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, wato kwashiyoko, ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono. Da wannan suna duniya ta san shi har yau.

Bayan an mai da ita Malaya, ta iske wata masifa dabam. Kamfanoni suna tallar madarar gwangwani ga mata matalauta, su kuwa suna dama ta da ruwa marar tsabta, suna ƙara ruwa domin gwangwani ya daɗe. Yara suna mutuwa da zawo. A 1939 ta tsaya a Singafo ta ce irin wannan talla daidai take da kisan kai. An yi shekaru ba a kula ba. Sai a 1977 mutane a Amurka, har da ikkilisiyoyi da yawa, suka ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'idar da ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a. Ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi.

Gana ta sa wannan ƙa'ida cikin dokarta a shekarar 2000. Dokar ta hana tallar madarar jarirai da rarraba ta kyauta a asibiti. Dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 da albashinta, da sa'a ɗaya kowace rana ta shayarwa har yaro ya cika shekara. Ungozomomi suka shiga koya wa mata cewa dakashi, nonon fari da wasu kan matse su zubar, shi ne kāriyar jariri ta farko, kuma har wata shida yaro ba ya bukatar ko ruwa. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna jarirai 'yan ƙasa da wata shida masu shan nono zalla sun kai kashi 63 cikin ɗari a 2008, suka sauka zuwa 52 a 2014.

Ta wajen shari'a ma an yi motsi. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yaro ta 1990, a sashe na 30, ta ce idan mai ciki ko uwar ƙaramin yaro ta yi laifi, alƙali ya fara duba hukuncin da ba na kurkuku ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙarfafa wannan a 2010 cikin ƙa'idodin Bankok. Dalilin a fili yake: jariri bai yi laifi ba, amma in an ɗaure uwarsa, shi ne ke fara shan horon.

Duk da haka dokar hutu ta fi amfanar mai albashi. Mai sayar da koko a bakin titin Nima, da 'yar dako mai ɗaukar kaya a kasuwa da goyo a bayanta, ba su da ubangidan da zai biya su hutu. Ranar da ba su fita ba, ba a ɗora tukunya.

Littafin Fitowa ya ba da labarin 'yar Fir'auna, wadda ta mai da jariri Musa hannun uwarsa, har ta biya ta ladan shayarwa. Maƙwabta Musulmi kuma suna da umarnin shayarwa shekara biyu cikin Alƙur'ani. A kan wannan batu zango bakinsa ɗaya. Inda dokar gwamnati ba ta kai ba, ya rage ga miji da dangi da zumuntar mata su ɗauke wa mai jego ɗawainiya, domin ta sami zama da ɗanta.