Sassaƙar Hoton Masu Sarauta a Faransa: Nanteuil da Dokar 1660

A ƙarni na 17, idan basaraken Faransa yana son a san fuskarsa a garuruwan da bai taɓa takawa ba, mai sassaƙar hoto yake nema. Shi wannan ma'aikaci yakan ɗauki farantin tagulla, ya yi ta tsaga layuka a kansa da wani ƙarfe mai tsini, sa'an nan a cusa tawada cikin tsagogin, a danna takarda a kai. Hoton fenti a bango ɗaya yake rataye, amma faranti ɗaya yakan haifi ɗaruruwan hotuna. Duk da haka an daɗe ana ɗaukar aikin tamkar ƙira, wato sana'ar hannu kurum, domin yawanci kwaikwayon zanen wani ake yi.

Wanda ya ɗaukaka darajar aikin shi ne Robert Nanteuil, haifaffen Reims, wanda ya koma Faris wajen 1647. Sau da yawa shi da kansa yakan zaunar da mutum ya zana shi ido da ido, kafin ya sassaƙa. Da layuka da ɗige-ɗige kaɗai yake fito da laushin fata da nauyin tufa, har ma da halin mai hoton. Ya bar hotuna fiye da 200, ciki har da na Sarki Luwi na 14, da waziri Mazarin, da Colbert. Da dama daga cikinsu ɗalibai ne suka biya aka yi, don su ƙawata takardun digirinsu da fuskar babban mutumin da suke neman inuwarsa.

A 1660, sa'ad da fada take Saint-Jean-de-Luz domin auren sarki, aka fitar da dokar da ta sa sassaƙar hoto cikin fasahohi masu 'yanci, ta kuma hana a sanya masu yin ta ƙarƙashin ƙungiyoyin masu sana'a. Ana danganta samuwar dokar da ƙoƙarin Nanteuil. Sarautar da ke bukatar a yaɗa kamanninta, ita ce ta 'yanta masu yaɗawar.

Nanteuil ya rasu a 1678, amma Edelinck da iyalin Drevet sun ci gaba da aikin. Bayan bayyanar hoton kyamara a 1839 kasuwarsa ta yi ta ja da baya, har ya koma abin adanawa da nazari a gidajen tarihi.