Ciwon wuya da kafaɗa ga ƴan makaranta: yadda ake gashi da lokacin zuwa asibiti

Idan jarrabawar BEPC da Bak ta ƙarato, ɗalibai a Dogon Dutsi da Tibiri kan kwashe sa'o'i sunkuye kan littafi ko wayar salula. Kan mutum ya kai kilo 5, kuma yawan sunkuyar da shi na gajiyar da naman da ya tashi daga ƙeya zuwa kafaɗu. Jaka mai nauyi a kafaɗa guda da dakon ruwa a ka suna ƙara tsananta ciwon.

Yadda ake magani

Aikin likitan gashin ƙashi ne, wanda ake kira kine a asibitocin Nijar. Yakan gasa wurin da tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20, ya yi tausa, sannan ya koya wa ɗalibi motsa jiki: karkatar da kunne wajen kafaɗa a hankali na daƙiƙa 20, jan haɓa baya, da juya kafaɗu. Gashi da tausa na rage zafi ne kawai. Motsa jiki kullum shi ke hana ciwon dawowa. Yawanci ana samun sauƙi cikin ƴan kwanaki ko makwanni.

A gida, ɗalibi ya riƙa tashi yana miƙewa duk bayan rabin sa'a, ya ɗaga littafi kusa da ido. Kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma a rataya ta a kafaɗu biyu. Kada a bar kowa ya murɗe masa wuya da ƙarfi.

Ciwon da ba na tausa ba

Arewa na cikin yankin sanƙarau, wanda ke tashi daga hunturu zuwa bazara, lokacin da ɗalibai suka duƙufa da bita. In wuya ya ƙage, ga zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko amai, kada a tsaya gashi: a garzaya CSI mafi kusa ko asibitin Dogon Dutsi, domin sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda. Haka ma in hannu ya yi sanyi ko ya mutu, ko kuwa ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur.

Ƙwararrun kine sun fi yawa a manyan asibitocin Yamai, don haka a fara da asibitin gida, shi zai tura mara lafiya gaba in akwai buƙata.