Daga Dala Zuwa Tarauni: Waiwaye Kan Ƙirar Kayan Aiki a Kano

Da wutar maƙera tarihin Kano ya fara. Tarihin baka ya nuna cewa tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999, Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya, sun riga sun zauna a gindin dutsen Dala saboda tama. Masu binciken kayan tarihi kuma sun tono alamun narka ƙarfe a wurin, waɗanda suka kai ƙarni na 7.

Da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, ƙira ta samu babbar rumfa. Maƙeran baƙi suna ƙera fartanya da garma da gatari da lauje, maƙeran fari suna aikin azurfa da tagulla, Sarkin Maƙera kuma yana shugabantar 'yan sana'ar. Manomi da mahauci da masassaƙi, kowa sai ya bi ta maƙera kafin ya ci abinci.

Zuwan Turawa a 1903, da isowar jirgin ƙasa a 1911, su suka sauya lissafi. Ƙarfen waje ya cika kasuwa, narka tama ya mutu, maƙeri ya koma ga tsohon ƙarfen jirgi da na mota. Lokacin arzikin man fetur, a shekarun 1970, adda da shebur da diga na kanti suka yi araha, 'ya'yan maƙera da dama suka ajiye masaba. A wannan zamani ne birni ya ƙara bazuwa a wajen ganuwa, gonakin Gyadi-Gyadi da Tarauni suka zama unguwanni, shagunan walda suka jeru a gefen titin Zariya.

Sai dai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan waje suka gagari talaka. Haka aka sake gani bayan faɗuwar naira a 2023. Lebura da mai lambu suka tuna cewa gatarin da aka ƙera da sifirin mota, aka ba shi ruwa yadda ya kamata, yana shekaru ana aiki da shi. In ya dakushe a wasa shi, in ƙota ta karye a sauya. Maƙeri ya san ƙasar jigawa, ya san ta fadama, yana kuma lanƙwasa bakin fartanya daidai da hannun mai ita. Masana'antar da ke wata nahiya ba ta da wannan sani.

Abin tsoro shi ne, gwanayen suna tsufa, masu koyo sun yi kaɗan, gawayi da ƙarfe kullum tsada suke ƙarawa. Ya kamata ƙaramar hukumar Tarauni da gwamnatin jiha su ware wa maƙera matsuguni, su saka ƙira cikin shirye-shiryen koyar da sana'a. Mu kuma masu saye, mu nemi ƙirar gida, mu biya ta da daraja.