Kushewun Durbi da Abin da Ƙasa Ta Ɓoye

Gabas da birnin Katsina, kamar tafiyar mil 20, a ƙasar Mani, akwai waɗansu tuddai da ke tsaye kusa da juna. Baƙo in ya gan su sai ya zaci tsibin ƙasa ne kawai. Amma mutanen wurin sun gāji labari daga kakanninsu cewa kaburburan sarakuna ne, shi ya sa ake kiran wurin Durbi ta Kusheyi.

Masu ba da tarihi sun ce Durbawa su suka fara sarautar Katsina, na farinsu Kumayau, na ƙarshensu Sanau. Sanau ne wanda Korau ya kayar a kokawa, ya kashe shi, ya hau gadon sarauta. Korau kuwa daga 'Yandoto ya fito, a nan ƙasar Zamfara. Ashe labarin nan ya shafe mu, mu mutanen Zugu da Anka da Gummi da Bukkuyum.

A shekara ta 1907 wani Bature mai suna Palmer, wanda ke aikin mulki a Katsina, ya sa aka haƙa waɗansu daga cikin tuddan, da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An sami tukwane da kayan ƙarfe. Amma a lokacin ba a kula da ajiya yadda ya kamata ba, kayan suka salwanta. A 1959 Gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi da doka ta tsare.

A 1992 masana daga Jamus suka haɗu da ma'aikatan hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka haƙa waɗansu tuddai uku. Irin wannan haƙa ba kamar ta rijiya ba ce. Sannu a hankali ake kankare ƙasa, kome aka gani sai an auna inda yake kwance, an rubuta, an ɗauki hotonsa, kana a ɗaga shi. A cikin kowane tudu sun tarad da mutum guda, an binne shi da kayansa. Akwai mundaye da ƙarau, da duwatsun wuya na gilashi, da wuri, da guntayen tufafi da fata da itace, da 'yan kunne na zinariya, da wata tasa ta tagulla mai zane.

A 2007 aka kai kayan birnin Mainz a Jamus, aka goge su, aka gyara, aka bincika, sa'an nan aka komo da su Nijeriya a 2014. Masana suna da dabarar auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi ko itace, domin akwai wani sinadari a jikinsa da ke raguwa kaɗan kaɗan tun daga ranar mutuwarsa. Awon ya nuna an yi kaburburan nan tsakanin ƙarni na 13 da na 16, watau shekara 500 zuwa 700 da suka wuce.

To, me kayan nan suka koya mana? Na farko, waɗanda aka binne manya ne, gama tara ƙasa ta zama tudu aikin jama'a ne mai yawa, ba a yi wa talaka. Na biyu, ba bisa ƙa'idar Musulunci aka binne su ba, tun da Musulmi ba ya tafiya da kome sai likkafani. Na uku, ƙasar Hausa ba a rufe take ba a wancan zamani. Wuri daga teku mai nisa yake fitowa, tasar nan kuwa aikin maƙeran ƙasashen Musulmi na gabas ce. Fatake ne suka ratso hamada da su. Watau sarakunan nan suna ciniki da Musulmi tun suna riƙe da al'adun kakanninsu.

Yanzu sai mu juyo gida. Ƙasarmu ƙasar zinariya ce, mutane suna tona ta dare da rana, ga kuma kufai da tsofaffin ganuwoyi cikin daji. Mai noma ko mai haƙa yakan ci karo da tsohuwar tukunya, ko ƙashi, ko mutum-mutumin yumɓu. Wani ya fasa don neman dukiya, wani ya sayar wa dillali a ɓoye, a fita da shi ƙasar waje. Dillali zai biya kuɗin abin, amma labarinsa ya ɓata ke nan har abada, domin ba wanda zai sake sanin inda yake kwance ko abin da ke kusa da shi.

Saboda haka, kai da Allah ya ba ka karatu, in ka ga irin wannan, bar shi a wurinsa. Ka rubuta ranar da wurin, ka gaya wa dagaci ko hakimi, su sanad da hukumar gidajen tarihi. Kayan da aka haƙa a 1907 sun ɓace, na 1992 kuwa suna nan, kuma daga gare su muka san abin da ka karanta yau.