Takalmin Doki: Labarinsa Da Shawarar Da Ke Cikinsa

Ya ku 'yan makaranta, watakila cikinku akwai wanda ya taɓa ganin hoton dokin Turai da ƙarfe kafe a kofatonsa, ya ce a ransa, "Ashe nan ma an bar mu a baya." To, kada ku yi gaggawar yanke hukunci, ku ji labarin tukuna.

Ƙasar Kabi tun asali ƙasar dawaki ce. Da su Muhammadu Kanta ya kafa mulkinsa a ƙarni na 16, ya gina birnin Surame. A shekarar 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, daga baya Kabawa suka kafu a Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Gwandu har zuwan Turawa. Saboda haka yankin da Liba da Jega da Aliero da Maiyama ke ciki ya sha ƙurar barade. Amma duk da yawan sukuwar nan, dawakinsu galibi da kofatonsu tsura suke tafiya.

Ko rashin maƙera ne ya jawo haka? A'a. Hannun da ya ƙera linzami da likkafa da mashi ba zai kasa lanƙwasa ɗan ƙarfe ba. Dalilin yana ƙasa, inda doki ke takawa. Kofato tamkar farce ne, yakan tsiro kamar rubu'in inci ko fiye kaɗan kowane wata. A jigawa da rairayi irin namu, abin da tafiya ta cinye daidai yake da abin da ya tsiro, rani kuma ya busar da shi ya yi tauri. Sai dai mai kula da barga ya riƙa datse abin da ya yi tsawo.

Mutanen dā na wasu ƙasashe ma haka suka yi. Wani jarumin Girka, Zenofon, ya rubuta littafin hawan doki fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Babu zancen takalmi a ciki, shawararsa ita ce a shimfiɗa duwatsu inda doki ke tsayawa don kofato ya yi ƙarfi. Rumawa sukan ɗaura wa dabbobinsu wani takalmin ƙarfe da igiya. Wanda ake kafawa da ƙusa bai game Turai ba sai wajen shekara ta 1000. Can ƙasar damshi ce, kofato ya jiƙe ya yi laushi, ga hanyoyin dutse, ga kaya masu nauyi. Cinyewa ta fi tsirowa, dole a nemi kariya.

Amma ko a Ingila ba a rasa masu suka ba. A 1809 wani likitan dabbobi, Bracy Clark, ya bayyana gwajin da ya yi, ya nuna cewa ƙafar da ta daɗe cikin ƙarfe takan tsuke, domin kofato kan ɗan buɗe duk sa'ad da doki ya taka, ƙarfe kuwa yana tauye shi. Har yau masana suna ja-in-ja a kan wannan batu.

To, yanzu ga mutum a Liba, dokinsa yana ɗingishi, ga kuma kwalta ta ratso daga Sakkwato ta bi Jega ta nufi Yawuri. Me zai yi? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, sai ya fara neman dalili. In ƙaya ce ko ƙusa ta shiga ta yi mugunya, magani a fitar da ita a wanke. In tsayuwa cikin danshin turke ce ta ruɓar da tafin, sai a share wurin a zuba yashi busasshe. In dawa aka cika masa har kofato ya yi zafi ya kasa takawa, wannan cuta ce babba, a janye hatsi, a kira likitan dabbobi nan da nan. Wanda ya gaggauta kafa ƙarfe a kan irin waɗannan, ciwo ya rufe, bai warkar ba.

Amma in kofaton ne ya cinye don yawan bin kwalta da tsakuwa, hanya biyu ce. Ko a hutar da dokin a ƙasa mai laushi, a sani kuma sabon kofato bai kammala sai wata 9 zuwa 12, ko kuwa, in aiki ba ya jira, a sa masa takalmi. Wanda ya zaɓi takalmi ya ɗauki alkawari, domin kamar kowane mako 6 sai an cire an datse an mayar, kuma a hannun gwani. Ƙusar da ta kauce kaɗan ta taɓa nama tana iya gurgunta ingarma. Inda babu gwanin, barin ƙafar yadda Allah ya halicce ta shi ya fi.

Kun gani ke nan, takalmi ba alamar wayewa ba ne, rashinsa kuma ba alamar duhun kai ba. Kakanninmu sun dubi ƙasarsu, Turawa sun dubi tasu. Ku ma in baƙon abu ya zo muku, ku tambayi wace bukata ta haife shi, sa'an nan ku duba ko kuna da irinta. Allah ya ba mu basira, amin.