Daga Jingar Baka zuwa Kwangilar Takarda: Tarihin Sharuɗɗan Ginin Gida a Ƙasar Kura da Bunkure

Masu nazarin aikin noman rani na Kogin Kano sun fi mai da hankali ga alkama da tumatir da shinkafa. Amma akwai wani sauyi da ruwan Tiga ya kawo wanda ba a cika ambatonsa ba, watau yadda ya canza hulɗar mai gida da maginin da zai gina masa muhalli. Wannan lacca za ta bi sawun sauyin, domin a ga dalilin da ya sa jingar baka, wadda ta wadatar da mutanen da, ta kāsa ɗaukar nauyin ginin siminti.

Kafin zuwan madatsar ruwa, gini a ƙasar Kura da Bunkure aikin rani ne, kamar yadda yake a sauran ƙauyukan Kano. Idan an gama girbi, mai gida ya sa a haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Dangi da maƙwabta sukan taimaka da gayya wajen ɗibar ruwa da kwaɓi. Magini kuwa akan ɗauke shi ko dai da ladan yini, ko kuma da jinga, a ce ɗaki kaza a kan kuɗi kaza, a gaban shaidu. Ba a rubuta kome, kuma ba a cika buƙatar rubutun ba, saboda dalilai uku.

Na farko, kayan ginin da kansu suke yanke ƙa'ida. Azarar giginya ba ta ƙetare fiye da kimanin ƙafa shida ba tare da tokari ba, saboda haka faɗin soro sananne ne, sai fa wanda yake da halin ɗaukar gwanin da zai yi masa ɗaurin guga. Na biyu, ingancin aiki a fili yake. Kowane manomi ya san ƙasa mai danƙo, ya san makubar da aka yi da ɓawon ɗorawa. Kura kuma gari ne da ya yi suna wajen rini, har rawanin da ake kira ɗan Kura ya kai ƙasar Buzaye, don haka katsin marina da ake haɗa laso da shi ba baƙon abu ba ne. Na uku, magini ɗan gari ne, kuma shi za a sake kira ya yi yaɓe kafin damina. Wanda ya yi ha'inci bana ba zai sami aiki baɗi ba. A manyan birane kamar Kano da Zariya har akwai Sarkin Magina mai kula da 'yan sana'ar.

Idan rigima ta kai gaban alƙali, akwai ma'auni a littattafan Malikiyya, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil. Risala ta bambanta ijara, wadda ake yanka mata wa'adi da lada, da ji'ala, wadda mai aiki ba ya cancantar kome sai ya kammala. Manufar ita ce kawar da jahilci a kan aikin da ladansa. Ashe ke nan fayyace sharuɗɗa ba baƙuwar al'ada ba ce da Turawa suka zo da ita.

Gwamnatin Audu Baƙo ce ta gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, kuma a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya aikin noman ranin ya koma hannunta. Ruwa ya biyo manyan magudanai ya isa Kadawa da Kura da Bunkure. Daga nan rani ya daina zama lokacin hutu. Hannayen da a da suke kwaɓa ƙasa a gayya suka koma ban-ruwa da tsinkar tumatir, aikin gini ya zama sai da lada. Daɗin daɗawa, manomin da ya sayar da amfanin rani ya sami tsabar kuɗi a hannu, ya fara sha'awar rufin kwano da ginin bulo irin na gidajen ma'aikata.

Wannan ya zo daidai da zamanin kuɗin man fetur, lokacin da kalmar ɗan kwangila ta shiga bakin kowa. A 1975 Nijeriya ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas, wani simintin har ya daskare kafin a sauke shi. Masana'antar Sakkwato ta fara aiki tun 1967, ta Ashaka ta biyo baya a 1979. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta yi ta faɗuwa, farashin siminti da kwano da rodi ya daina tsayawa wuri ɗaya.

A nan ne dalilan nan uku suka rushe. Bulo ba ya nuna yawan simintin da ke cikinsa, kuma idan aka zuba kankare babu mai ganin kaurin rodin da aka binne. Birkila yana iya zama baƙo wanda zai tashi da ya karɓi kuɗinsa. Jingar da aka yi a watan Janairu tana iya zama hasara a watan Afrilu, sai magini ya rage siminti ko ya gudu ya bar kango. Har wa yau ban-ruwa ya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa a wasu sassan aikin, kuma laima tana cin gindin bango idan harsashi bai yi zurfi ba.

Gwamnati da manyan kamfanoni suna da tsarin da suka gada daga Ingila: zanen gini, da jerin kaya da adadinsu, da biya kashi-kashi, da riƙe wani abu daga kuɗin har a ga ƙarkon aiki. An kafa hukumar rajistar masu zanen gini a 1969, ta injiniyoyi a 1970, ta magina a 1989, aka kuma fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006. Sai dai duk wannan bai cika isa ga mai gina ɗaki uku a ƙauye ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa ƙaramar hukuma ba da izinin mallakar filayen karkara, amma cinikin fili da yawa bai wuce shaidar mai unguwa ba.

Darasin da tarihin nan yake bayarwa shi ne, duk abin da ido ba zai iya gani bayan an gama ba, a rubuta shi kafin a fara. Takarda guda ta isa. A ambaci filin da shaidar mallakarsa, da girman kowane ɗaki, da zurfin harsashi da abin tare laima. A faɗi bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, da adadin da za a fitar daga buhu mai kilo 50. A rubuta haɗin kankare, alal misali awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, da kaurin rodi da na kwano. A bayyana wanda zai sayi kaya, da wanda zai ɗauki ƙarin farashi idan kasuwa ta tashi. A raba biya bisa matakai, watau harsashi, linta, rufi, da kammalawa, a riƙe wani kaso sai gidan ya ga damina guda. A ƙarshe a sa wa'adi, da shaidu biyu, da wanda za a kai wa ƙara.

Wannan bai saɓa wa mutunci ba, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Rubutun kuma kariya ne ga magini ma, don mai gida kan canza ra'ayi a tsakiyar aiki, ya ƙara ɗaki, sannan ya ƙi ƙara lada. Ɗalibai da ma'aikata, waɗanda su ne 'yan uwa suke kawo wa takarda su duba, su ya kamata su fara wannan gyara. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma kayan da aka ƙirga kafin a ɗauka ba a gardama a kansu wajen saukewa.